Ƙarewar Itatuwa da Sassaben Zamani a Maraɗi da Damagaram

Itatuwan gonakin kudancin Nijar sun ragu ƙwarai tsakanin shekarun 1950 da 1980. Yawan jama'a ya ƙaru, noman gyaɗa ya faɗaɗa, saura ta daina samun shekarun hutun da aka saba ba ta, buƙatar itacen girki kuma ta bi girman birane. Farin 1968 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙarasa abin da gatari ya rage. Gonar da ba ta da itace iska ke kwashe mata ƙasar sama, yashi ya binne shuka, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina guda.

Akwai kuma dalili na doka. Dokar daji ta Faransa ta 1935, da ta Nijar ta 1974 da ta gaje ta, sun sanya muhimman itatuwa ƙarƙashin ikon hukuma. A lokacin, manomi na iya shan tara a hannun ma'aikatan gandun daji don ya sare reshen itacen da ke gonarsa. Ba abin mamaki ba ne da ya riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami.

Maganin farko da aka gwada shi ne dashe. Layukan dogonyaro da aka soma dasawa a kwarin Majiya a 1975 sun kare gonaki daga iska, amma a wurare da yawa dashen ya mutu saboda ƙishirwa da awaki.

A 1983 Tony Rinaudo, malamin gona ɗan Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sharewa lokacin sassabe toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye. Dabarar da ta biyo baya, wadda manoma ke kira sassaben zamani, ba ta da tsada: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su daga dabbobi da wuta. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, girman ya fi na dashe sauri. Sabara da kalgo suka fi yawa a Maraɗi. A Magarya da Matamai da Mirya na Damagaram kuwa gawo ne, mai kaɗe ganye da damina, ya bar wa gero rana, ya ba ƙasa taki, dabbobi su ci 'ya'yansa da rani.

Binciken Chris Reij da abokan aikinsa, bisa hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, ya ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun farfaɗo a hekta miliyan 5. Yaɗuwar dabarar ta zo daidai da sassautawar ikon ma'aikatan gandun daji, da dokar karkara ta 1993, da dokar daji ta 2004, waɗanda suka ƙarfafa haƙƙin manomi kan itacensa. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agye, kwamitocin sa ido da suka haɗa manoma da mata da makiyaya ne ke hana saran ɓarayi. Iyakar dabarar ita ce inda garma ta tumɓuke kututture gaba ɗaya. Can dole a koma ga iri ko dashe.