Kafuwar Ƙungiyar Tsofaffin Sojan Yaƙin Basasar Amurka

Bayan da aka kwance damarar yaƙin basasar Amurka a shekarar 1865, mayaƙan Arewa suka watse garuruwansu, waɗansu da nakasa, waɗansu kuwa sun baro abokansu a maƙabartun Kudu, sai wani likitan soja, Benjamin Stephenson, ya ga bai kamata zumuncin da aka ƙulla a fagen fama ya tafi a banza ba, ya kafa ƙungiya a garin Decatur na jihar Illinois ran 6 ga Afrilu, 1866, aka sa mata suna Grand Army of the Republic, watau Babbar Rundunar Jamhuriya.

Amma wanda ya ba ta martaba shi ne Janar John Logan, lauya ne, ya bar kujerarsa ta majalisa ya ɗauki takobi, har ya jagoranci runduna a yaƙin Atlanta ranar da aka kashe shugabansa McPherson. Abin al'ajabi ga sha'aninsa, shi ne ya kawo dokar 1853 wadda ta haramta wa baƙar fata 'yantattu shiga Illinois, ga shi kuma ƙaddara ta ɗora shi a kan ƙungiyar da ta karɓi baƙaƙen soja a matsayin 'yan'uwa. Da aka naɗa shi shugabanta a 1868, ya ba da umurni a keɓe ran 30 ga Mayu don ziyarar kaburburan waɗanda suka rasu a yaƙin da zuba musu furanni, al'adar da Amurkawa ke riƙe da ita har yau, ko da yake an sauya ranar.

Logan ɗan siyasa ne, ya san amfanin jama'a mai murya ɗaya, saboda haka ƙungiyar ba ta tsaya ga ta'aziyya da taimakon marayu ba. Shugaba Cleveland ya ƙi sa hannu a dokar fanshon tsofaffin soja da ƙungiyar ke nema a 1887, ya faɗi zaɓe a 1888. Wanda ya gaje shi, Benjamin Harrison, ɗan ƙungiyar ne, ya sa wa dokar hannu a 1890, lokacin da adadin 'ya'yan ƙungiyar ya haura dubu 400. Logan bai ga wannan nasara ba, domin ajali ya riske shi a 1886 yana sanata.

Da yake sharaɗin shiga ƙungiyar shi ne mutum ya yi wa Arewa aikin soja a wancan yaƙi, babu masu maye gurbin waɗanda suka rasu. Da Albert Woolson, na ƙarshensu, ya rasu a 1956, aka rushe ta.