Tafinta Tsakanin Mutum da Na'ura: Tarihin Alamta Rubutu da Fassara Shi

1.0 Gabatarwa

Na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ba ta jin harshen kowace al'umma. Iyakar abin da take ji shi ne jerin sifiri da ɗaya. Saboda haka duk mai son ya ba ta umarni, ko ya damƙa mata ajiyar bayani, dole ne ya bi ta hannun tafinta. Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin tafinta iri biyu. Na farko shi ne mai fassara umarni, wanda masu sana'ar ke kira kwamfaila. Na biyu kuwa shi ne mai karanta rubutun da aka yi wa alamu, ya mayar da shi abin da manhaja za ta yi aiki da shi. Tambaya guda ce ta ratsa tarihinsu duka: idan tafinta ya ci karo da kuskure, tsayawa zai yi, ko kuwa kirdado zai yi ya wuce?

2.0 Tafintan Umarni da Nahawunsa

A cikin 1952 ne Grace Hopper ta ƙasar Amurka ta tsara manhajar A-0 domin na'urar UNIVAC, wadda ake lissafa ta cikin tafintocin farko. Bayan wannan, a 1957, John Backus da abokan aikinsa na kamfanin IBM suka fitar da harshen FORTRAN, wanda ya ba masana lissafi damar rubuta umarni da sigar da ta yi kusa da wadda suka saba.

To, amma tafinta ba ya fassara sai ya san nahawun harshen da aka yi masa magana da shi. A nan ne kimiyyar harshe ta haɗu da ta na'ura. A 1956 Noam Chomsky ya bayyana yadda ƙa'idoji ƙalilan za su iya haifar da jimloli marasa iyaka. A 1959 Backus ya fito da hanyar rubuta ƙa'idojin harshen na'ura, sa'an nan Peter Naur na ƙasar Danmak ya gyara ta ya yi amfani da ita wajen bayyana harshen ALGOL 60. Har ma a 1967 Peter Ingerman ya ba da shawarar a haɗa sunan Panini da wannan hanya, watau malamin nahawun Sanskirit na ƙasar Indiya, domin ya riga su yin irin wannan tsari tun kafin haihuwar Annabi Isa. Da nahawu ya tabbata a rubuce, sai tafinta ya sami hujjar ƙin karɓar jimlar da ta saɓa masa, ya kuma nuna layin da kuskuren yake.

3.0 Alamta Rubutu

Tun da daɗewa editoci kan yi wa rubutun hannu alamu a gefe domin ma'aikacin ɗab'i ya san inda kanu yake da inda sakin layi ya fara. A 1969 Charles Goldfarb, wanda asalinsa lauya ne, tare da Edward Mosher da Raymond Lorie, suka mayar da wannan al'ada cikin na'ura a kamfanin IBM, suka kira tsarin GML. Hikimarsa ita ce alama ta faɗi matsayin yankin rubutu, alal misali a ce wannan kanu ne, wancan sunan marubuci ne, a bar zancen girman baƙi ga ma'aikatar ɗab'i. Wannan tsari ne ya bunƙasa ya zama SGML, wanda hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta amince da shi a 1986.

Daga wannan tushe Tim Berners-Lee ya tsiro da HTML a cibiyar bincike ta CERN a farkon shekarun 1990, domin shafukan yanar gizo. Manhajojin karanta shafuka, watau burauza, suka ɗauki halin sassauci, bisa shawarar da Jon Postel ya bayar a 1980 cewa na'ura ta tsananta wa kanta a abin da take aikawa, ta sassauta a abin da take karɓa. Sassaucin ya sa kowa ya iya rubuta shafi, amma ya jawo kowace burauza tana yin nata kirdadon, har shafi guda ya riƙa fitowa da kama daban-daban.

Ganin haka, a 1996 aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Jon Bosak na kamfanin Sun Microsystems domin a sauƙaƙa SGML. A 1997 aka tafka muhawara kan batun kuskure, masu tsanani suka rinjaya. Da XML ya fito ranar 10 ga Fabrairu, 1998, hukuncinsa shi ne duk alamar da aka buɗe ba a rufe ba, tafinta ya daina aikinsa ya kai rahoto. Haka kuma an gina shi bisa tsarin Unicode mai ɗauke da baƙaƙe irin su ɓ da ɗ da ƙ, ta yadda ƙasa ba za ta rikiɗe ta koma kasa ba.

4.0 Daga Alama Zuwa Abu

A ɗaya ɓangaren kuma, tun 1967 Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard na ƙasar Norwe suka fito da harshen Simula, wanda ya kasa bayanai zuwa jinsi da abu. Jinsi shi ne siffar gaba ɗaya, kamar a ce ɗalibi yana da suna da lamba. Abu kuwa shi ne ɗalibi guda takamaimai. Harshen Java, wanda ya fito a 1995, a kan wannan turba ya ginu.

Aikin da ya rage shi ne haɗa gidajen biyu. A 2001 aka tabbatar da XML Schema, watau takardar da ke fayyace alamun da aka yarda da su, a 2003 kuma aka fitar da JAXB, wanda ke da tafintan da zai karanta wannan takarda ya ƙera jinsunan Java da kansa. Sai dai fassarar ba ta rasa tangarɗa. Sunan alama yana iya ɗaukar karan ɗori a tsakiya, sunan Java kuwa ba ya ɗauka, don haka sai an sauya shi. Alama tana iya cin sunan da harshen ya keɓe wa kansa. Sunaye biyu da suka bambanta a takarda suna iya zama ɗaya bayan sauyi, tafinta ya tsaya har sai an raba su da hannu. Bugu da ƙari, an sanya JAXB cikin kayan Java a 2006, aka cire shi a 2018, sai ga manhajojin da ba a taɓa ko baƙi ɗaya a cikinsu ba sun ƙi fassaruwa. Darasin da masu gyara suka koya shi ne a fara tantance mazaunin laifin: a cikin rubutun yake, ko a takardar ƙa'ida, ko kuwa a kayan aikin tafintan kansa.

5.0 Kammalawa

Tarihi bai ba ɓangare ɗaya gaskiya duka ba. An yi ƙoƙarin ɗora tsananin XML a kan shafukan yanar gizo da tsarin XHTML a 2000, jama'a ba su bi ba, aka dakatar da aikin kashi na biyu a 2009. HTML5, wanda aka tabbatar a 2014, ya riƙe sassauci, amma ya rubuta ƙa'idar kirdadon filla-filla domin kowace burauza ta gyara kuskure iri ɗaya. Tsanani kuwa ya sami gurbi a inda na'ura ke yi wa na'ura magana, kamar saƙonnin kuɗi tsakanin bankuna bisa ma'aunin ISO 20022. Dalilin a fili yake: mai karanta shafi yana da hankalin da zai gane tuntuɓen alƙalami ya wuce, amma tafintan da ya yi kirdadon adadin kuɗi ya jawo wa wani asara. A irin wannan wuri, rigakafi ya fi magani.