Daga Bangon Laka Zuwa Ƙwallon Kwando: Wa Ke Biya, Wa Ke Horarwa a Wasannin Kwalejojin Arewa?

Gabatarwa

Duk wasan da ake yi a makaranta yana bukatar abubuwa biyu kafin a zo maganar gwanintar ɗalibi: kuɗin fili da kayan wasa, da kuma mutumin da zai tsaya yana koyarwa kullum da yamma. Wannan muƙala za ta bi tarihin waɗannan abubuwa biyu a manyan makarantun Arewacin Nijeriya, daga Kwalejin Katsina zuwa Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Kwalejin Katsina da Malamin Aji

An fara karatu a Kwalejin Katsina a shekarar 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance a 1922. An kafa ta ne don horar da malaman da za su koyar a makarantun larduna. Turawan da suka riƙe ta sun taso ne a makarantun kwana na Ingila, inda ake ɗaukar wasa a matsayin hanyar gyara hali da koyar da shugabanci. Saboda haka suka sa wasannin yamma cikin tsarin karatu, kamar kurket da ƙwallon ƙafa da guje-guje.

A wancan zamani ba a ɗaukar koci na musamman. Malamin da ya koyar da lissafi ko tarihi da safe shi ne zai fito fili bayan la'asar, kuma albashinsa na koyarwa shi ne ladan aikin duka biyu. Manyan ɗalibai su ne kyaftin-kyaftin, su ke tsara 'yan wasa da kula da kaya. Wannan tsari ya sa kuɗin wasanni bai zama wani babban kaso a kasafin makaranta ba. Gwamnatin mulkin mallaka ce ke biyan malaman Turawa, baitulmalin En'e kuwa shi ke ɗauke da yawancin nauyin makarantun larduna, daga harajin da talakawa suka biya.

Wasa Mai Araha da Wasa Mai Tsada

Wasan da ya fi kama ƙasa shi ne wanda Turawa ke kira Fives, wanda ya samo asali daga makarantar Eton ta Ingila. Ana buga ƙaramar ƙwallo ne da tafin hannu a jikin bango, a cikin fili mai bango uku. Maginin gargajiya na iya tayar da irin wannan bango da laka. Da aka ga ƙwallon Turawa mai tauri tana fasa bangon, sai aka koma amfani da ƙwallon tanis. Ba a bukatar takalmi na musamman ko ciyawa ko sanda. Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a kwalejin daga 1926 zuwa 1931, ya shahara a wannan wasa, bai kuma daina buga shi ba har bayan ya zama Firimiya. Har yau ana gasar cin kofin Sardauna don tunawa da shi.

A cikin birnin na Katsina kuma akwai ƙwallon dawaki, wadda Sarki Muhammadu Dikko ya rungume ta, ɗansa Usman Nagogo kuma ya zama gwaninta. Doki na bukatar dawa da ciyawa da barga da mai kula da shi, don haka wasan ya tsaya a hannun fada da attajirai da hafsoshi. Iya kuɗinka iya shagalinka. Wasan bango kuwa ya bi ɗaliban kwaleji zuwa garuruwansu. Ahmadu Bello ya koyar a makarantar midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a ta Bauchi. Yawancin waɗanda suka fito daga Katsina malamai ne, kuma kowanensu ya tafi da wasannin da ya koya. Ko lokacin karayar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929, wadda ta sa aka tsuke kuɗin ilimi, wasan da bango da ƙwallo ɗaya suka ishe shi bai tsaya ba.

An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, daga baya aka sa mata suna Kwalejin Barewa a 1971.

Zamanin Jami'o'i da Gasar Ƙasa

Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai al'amarin ya sauya. A 1966 aka fara gasar wasannin jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, a Ibadan. Daga baya kwalejojin fasaha suka kafa tasu mai suna NIPOGA, kwalejojin ilimi kuma NICEGA. Gasar ƙasa ta zo da kashe-kashen kuɗin da malamin Katsina bai san su ba: motar da za ta kai tawaga Kudu, masauki, abinci, riguna, alawus, da magani. Sai aka buɗe ofisoshin wasanni masu darakta da kociyoyi waɗanda ke karɓar albashi a matsayin ma'aikatan makaranta.

Kuɗin na fitowa daga kason da gwamnati ke ba makaranta da kuma kuɗin wasanni da ake karɓa daga ɗalibai lokacin rajista. A shekarun arzikin man fetur abin ya tafi daidai. Da farashin mai ya faɗi, aka kuma shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, sai makarantu suka fara zaɓar abin da za su ceta, wasanni kuma ba su cika zuwa gaban layi ba. A 1993 aka kafa asusun harajin ilimi, wanda ke karɓar kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni a lokacin, aka sake masa fasali a 2011 da sunan TETFund. Asusun ya fi mai da hankali ga gine-gine da kayan aiki da ƙaro ilimin malamai; albashi na wuyan gwamnatin da ta mallaki makarantar. Don haka makaranta na iya samun sabon fili, amma ta rasa wanda zai riƙa horarwa a kansa.

Darasin Zariya

Ƙwallon kwando a Zariya ta nuna darajar mutum ɗaya mai juriya. Oliver B. Johnson, Ba'amurke, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da 'yan wasan Jami'ar Ahmadu Bello da yaran gari. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya. Ujiri ya tafi Amurka ya buga wa Kwalejin Bismarck da ke jihar Dakota ta Arewa, wadda a lokacin take cikin kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu, waɗanda suke da ƙungiyar wasanninsu ta ƙasa tun 1938. Daga bisani ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors, wadda ta ci kofin NBA a 2019.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa wasan da ya daɗe a makarantun Arewa shi ne wanda kuɗinsa bai fi ƙarfin makaranta ba, wanda kuma ya samu malamin da ya zauna da shi shekara da shekaru. Duk kwalejin da ke tsara kasafinta a yau, ya kamata ta ware albashin koci da kuɗin kula da fili kafin ta fara lissafin zuwa gasa, domin ɗalibai suna wucewa duk bayan shekara uku ko huɗu, mai horarwa ne ke saura ya karɓi na baya.