Ƙarar Jirgi a Saman Gandun Daji: Batun Kwandere da Pandam

Akwai masu ganin cewa ƙayyade shawagin jirage a saman gandun daji damuwa ce ta ƙasashen da suka ƙoshi, don haka ba ta shafi filin jirgin dakon kaya na Kwandere a Jihar Nasarawa da Shugaba Buhari ya buɗe a 2022 ba. Hujjarsu mafi nauyi ita ce jirage ƙalilan ne ke sauka a wurin, kuma jihar da ke neman masu zuba jari bai kamata ta fara da gindaya sharuɗɗa ba.

A ganina wannan hujja kanta ce ke rushe ra'ayin. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da dazuzzuka goma gandun daji na ƙasa, ciki har da Marhai a Nasarawa da Pandam a Filato, wanda ke kan hanyar Lafiya zuwa Shendam. Hanyoyin sama da za su ratsa wannan yanki ba su kafu ba tukuna, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amurka ta yi jinkiri. Sai bayan karon jirage biyu a saman gandun dajin Grand Canyon a 1986, inda mutum 25 suka rasu, majalisarta ta yi dokar ƙayyade shawagin jirage a saman gandun daji a 1987. A lokacin kamfanonin yawon buɗe ido sun riga sun kafu, aka shafe shekaru ana jayayya da su.

Za a ce jirgin dakon kaya yana lulawa sama tun kafin ya kai Pandam. Wannan gaskiya ne, kuma dole in taƙaita da'awata a nan. Abin da ya fi damuna shi ne jirage masu saukar ungulu da ƙananan jirage masu tafiya ƙasa-ƙasa, musamman da rani, lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin tafkin Pandam, mazaunin dorina da ayu. Ga kuma ma'aikatan gandun, waɗanda da kunne suke gano harbin mafarauci ko injin masu sare itace.

Hukumar jiragen saman Amurka na shawartar matuƙa kada su sauko ƙasa da ƙafa 2,000 a irin waɗannan wurare. Zai yi wuya a nuna cewa makamancin wannan sharaɗi, idan Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya (NCAA) da Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa suka tsara shi tare, aka ware jiragen tsaro da na ceto, zai hana buhu ɗaya na riɗi tashi daga Kwandere.