Tantanin da ke tace ruwan leda, da dalilin da ya sa yake tsoron kulorin

1/ Da yawan ruwan ledar da muke sha, ta cikin wani siririn tantani ya bi kafin a ƙulle shi. Na'urar ana ce mata RO: a matsa ruwa da ƙarfi, ya ratsa, gishiri da datti su tsaya a baya. Ku biyo ni 🧵

2/ Wajen 1960, a Jami'ar UCLA ta Amurka, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan suka haɗa tantanin farko mai amfani, da sinadarin cellulose acetate. Abin dariya, yau ya tace gishiri, gobe ya ƙi, kamar ana jefa kwabo. Ashe fuska biyu gare shi. Wadda ke yin tacewar ita ce dole ta kalli ruwan gishirin.

3/ A 1965 aka gwada shi a garin Coalinga na jihar Kalifoniya. Ruwan ƙasarsu zartsi ne, har sai da jirgin ƙasa ya riƙa kawo musu na sha. Gidaje famfo uku ne: na zafi, na sanyi, da na sha. Na'urar ta fara ba su galan 5,000 a rana.

4/ Amma wancan tantanin sai an matsa masa lamba sosai, kuma ƙwayoyin cuta na iya cinye shi. A ƙarshen shekarun 1970 John Cadotte ya fito da na polyamide, wanda kamfanin FilmTec ya sayar. Ya fi riƙe gishiri, ga sauƙin wuta. Irinsa ne kusan ko'ina yau.

5/ Ga inda gizo ke saƙar: tsohon yana ɗan jure kulorin, sabon kuwa kulorin ƙona shi yake yi, kuma ba ya gyaruwa. Shi ya sa ake sa matatar gawayi a gabansa ta cire kulorin ɗin.

6/ To an kori mai gadi ke nan. Ƙwayoyin cuta sai su baje kolinsu, su yi yauƙi a kan tantanin. Ga kuma ma'adinan ruwan burtsatse da ke daskarewa kamar farin da ke kama cikin butar shayi.

7/ Daga nan ɗauraya ta zama dole. Duk lokacin da aka kashe na'ura, a kora ta da tataccen ruwa, kada ruwan gishirin ya kwana a ciki. Idan ruwan da take fitarwa ya ragu da kashi 10 zuwa 15, a wanke: soda ga yauƙi, asid mai sauƙi irin citric ga daskararrun ma'adinai.

8/ A ganina nan ne masu ƙananan masana'antu ke tafka asara. Ruwa ya ragu, sai a ƙara wa famfo ƙarfi maimakon wanki, dattin ya ƙara dannuwa. In za a ajiye na'urar na kwanaki ma, kar a bari tantanin ya bushe. Ana jiƙa shi da ruwan sodium metabisulfite, kashi 1 cikin 100.