Yawon bakansi lokacin rikici: baƙo na da jirgin da zai kwashe shi, ɗan gida fa?

Makon jiya wata baiwar Allah ta kira mu cikin shiri daga Jiratawa. Ta ce lakwal ta kusa tashi, ɗiyanta sun matsa mata sai an kai su sun ga raƙuman dawan da sunka gani cikin littafi, ita kuma hankalinta bai kwanta ba. Ta ce, "Malam, a tahi ko a zamna?" Lokaci ya ƙure muna ban ba ta amsar kirki ba, shi ya sa na ce bari in rubuta. Hajiya, ba ni da ikon ce miki e ko a'a, amma zan iya tuna muna abin da ya faru da wuraren yawon buɗe ido na ƙasarmu duk lokacin da siyasa ta yi zahi. In kin duba da kyau za ki ga labarin da duniya ke ɗauka na turis ɗin Turai ne, alhali wahalar ta fi daɗewa kan direba, ɗan jagora, mai otel da iyalin da sunka fita ziyara.

Mu fara daga gida. A farkon 1851 wasu Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg, sunka sauko daga Abzin tare da ayarin gishiri har Tasawa. Nan sunka rabu: Overweg ya nufo Maraɗi da ƙasar Gobir, Barth ya bi ta Gazawa zuwa Katsina. A lokacin Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri na cikin gaba da daular Sakkwato, dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina kuma abin tsoro ne. Duk da haka sun wuce lahiya, don ba su taka hanya su kaɗai ba. Sun shiga cikin ayari, sun nemi mai masauki, sun bi maganar waɗanda sunka san dajin. Fataken dauri ma haka suke: kahin a ɗaura kaya sai madugu ya ji labarin hanya daga bakin masu zuwa daga can.

Yawon turis irin na zamani ya bunƙasa ne a Agadas cikin shekarun 1980. Da sanyi ya shigo sai Turawa su cika gari, kat-kat na ɗibar su zuwa duwatsun Abzin da rairayin Tenere, tseren motocin Paris-Dakar na ya da zango nan. Maƙera masu azurfa, dukawa, masu raƙuma da masu gyaran mota kowa na samun nashi. A 1991 UNESCO ta sa Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya. Sai dai wutar ta riga ta kama tun rikicin Cintabaraden na Mayun 1990, tawaye ya bazu, shekara guda bayan waccan karramawa anka mai da wurin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Mano Dayak, wanda kamfaninshi na yawo da turis ya yi suna har Faransa, shi kanshi ya koma cikin jagororin tawaye. An sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995, ranar da muke hutu kowace shekara, shi kuma ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a Disambar wannan shekara. Filin jirgin Agadas sunanshi yake ɗauke da shi yau. Turis sun canza wurin hutu cikin mako guda, amma mutanen Agadas sun yi shekaru suna jiran kasuwarsu ta dawo.

Shekarar 2000 ta nuna muna abu biyu. A Janairu tseren motocin, wanda a wannan karo ya nufi Alƙahira, ya iso Yamai sai anka samu labarin ana shirin kai mishi hari a arewa. Masu shiryawa sunka ɗauko manyan jiragen Antonov, anka kwashe motoci da mutane ta sama zuwa Sabha ta Libiya. Duk wanda ya yi tanadin abinci, mai ko masauki a zangunan da sunka rage cikin Nijar, sai ya bi jirgi da kallo.

Na biyun a gabanmu ya faru. A Nuwamba anka shirya bikin nunin tufafi na FIMA, na Alphadi, kusa da Yamai. Wasu ƙungiyoyi sunka ce ba su yarda ba, zanga-zanga ta tashi a Yamai, ta kuma tashi nan Maraɗi inda ko bikin ba a yi. An ƙona mashaya, an afka ma gidajen mata masu zaman kansu, an taɓa wuraren Kiristoci. Ni ina firamare a lokacin. Abin da na riƙe shi ne mushe ya ce kowa ya bi lungu ya koma gida, kada a bi babban titi, muna gudu muna hangen hayaƙi. Ba ina son tada tsohon miki ba ne, amma akwai darasi ciki: in gari ya hargitse, wuraren shaƙatawa da masaukin baƙi ne ake fara nufa, kuma rigimar da anka fara a wani gari tana iya iske ka inda kake zaton ka yi nisa da ita. Haka ta sake faruwa ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 a Damagaram da Yamai, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo. Mutum 10 sunka rasa rayukansu, kuma a Yamai ƴan sanda sun ƙirga coci 45, otel 5 da mashaya 36 da anka lalata.

Tsakanin waɗannan biyun akwai tawayen MNJ, da ya fara da harin Iferwan a Fabrairun 2007. A Agusta shugaba Tandja Mamadou ya sa jihar Agadas cikin dokar ta-ɓaci, jiragen da ke kawo turis kai tsaye daga Faransa sunka daina sauka. Mu nan kudu muna cewa abin na can arewa ne, sai a Disambar 2007 nakiyoyi sunka tashi da motoci cikin Maraɗi da Tawa, anka yi hasarar rai. Gwamnati ta zargi ƴan tawaye, su kuma sunka musanta. Ranar 8 ga Janairun 2008 nakiya ta kashe Abdou Mahamane, shugaban rediyon R&M, a unguwar Yantala ta Yamai. Mu ma'aikatan rediyo ba mu manta da shi ba. Ina lise a lokacin, na tuna direbobi sun koma bin sawun motar da ke gaba, ba mai son ya zama na fari kan hanyar rairayi da asuba.

Yanzu mu zo kan raƙuman dawan Hajiya. Duk wanda ya taɓa shiga kar daga Maraɗi zuwa Yamai ya san Kure, bayan an wuce Doso, kimanin kilomita 60 kahin babban birni. Nan ne garken ƙarshe na raƙuman dawa irin na yammacin Afirka. A 1996 guda 49 kaɗai sunka rage, amma da ƙoƙarin jami'an gandun daji da mutanen ƙauyuka sunka haura 600. Wurin ya zama abin zuwa na ranar hutu, ɗiyan yankin sunka kafa ƙungiyar ƴan jagora suna cin abinci da ita. Ranar Lahadi 9 ga Agustan 2020 ƴan bindiga kan babura sunka tare wata mota can, sunka kashe mutum 8: Faransawa 6 ma'aikatan agaji na ACTED, direbansu ɗan Nijar, da Kadri Abdou, shugaban ƙungiyar ƴan jagoran. Hukuma ta ruhe wurin, Faransa ta shafa jan launi kan taswirar ƙasar duka ban da Yamai. Ƴan jagoran da sunka rage sun wayi gari ba shugaba, ba sana'a.

Na ƙarshe kowa ya gani da idonshi. Ranar Laraba 26 ga Yulin 2023 sojoji sunka kihe gwamnatin Mohamed Bazoum, ana tsakiyar bakansi. Ranar 30 ga wata CEDEAO ta sa takunkumi a Abuja, iyakoki sunka ruhe, Najeriya ta yanke muna wuta. A kwanakin farko na Agusta Faransa ta aiko jirage ta kwashe sama da mutum 1000, nata da na wasu ƙasashe. To mu fa? Gida nawa ne a Maraɗi da ba su tura yara hutu wajen gwaggo ko kawu a Katsina, Jibiya ko Kano? Wasu sun makale can, wasu sun biyo ƴan kabu-kabu ta cikin gonaki da damina, ta hanyoyin da ƴan bindiga ke yawo, suna biyan kuɗin da ya ninka na mota. Hanyar Ɗan Isa ba ta buɗe a hukumance ba sai Maris na 2024. Juyin mulkin bai harbi ɗan yawo ko ɗaya a Maraɗi ba, amma ya datse ma dubban mutane hanyar komawa gida.

In munka haɗa duka, haɗarin mai yawo a ƙasarmu yakan zo ta hanyar da zai bi, ko ta taron jama'a da ya fusata, ko ta iyakar da za a ruhe yana can waje. Kuma mu ma muna da wuraren da za mu yi hasara. Ga tabkin Madarumfa da kusheyin waliyyai 99 da ake ziyarta, a yankin da satar shanu da satar mutane ta addabi ƙauyukan bakin iyaka shekarun nan. Ga gandun Gadabeji a arewacin jiharmu, wanda anka keɓe tun 1955, UNESCO ta amince da shi a 2017, kuma a Nuwamban 2018 anka kai mishi raƙuman dawa 8 daga Kure. Ke nan Hajiya, raƙuman ma na nan cikin jihar Maraɗi. Amma kusa ba shi ne lahiya ba, sai an tambaya.

Ga abin da nike gaya ma dangina. Kahin a tashi a kira wani da ke zaune can a ji daga bakinshi, a kuma tuntuɓi jandarma ko jami'an gandun daji na yankin. Saƙon murya na WhatsApp da ba a san mai shi ba, ba a aza ran yara kanshi. A tahi da hantsi a dawo kahin la'asar sakaliya, kada a kwana wurin da ba a da mai masauki. In ɗan jagora ya ce yau ba a shiga, to ba a shiga, ko an biya kuɗin mota; shi ne madugun zamaninmu, kuma in abu ya ɓaci shi ke fara gamuwa da shi. Kada a sa a Facebook inda za a je da lokacin tashi, hoto ya jira a dawo gida. Ranar da anka kira zanga-zanga, ko ana jiran sakamakon zaɓe, a nisanci otel, mashaya da manyan shatale-tale. Mai tura yara ƙetaren iyaka ya ba su takardunsu, lambar waya biyu rubuce a takarda, da guzurin da zai riƙe su in hanya ta ruhe, ya kuma yi magana da mai masaukin tun farko kan yadda za a yi in zaman ya yi tsawo.

Ban ce a kulle yara cikin gida ba. Yaron da bai taɓa ganin fadar Tsibiri ranar hawan salla ba, bai ga tabkin Madarumfa ya cika bayan damina ba, an rage mishi wani abu na gadonshi, kuma in munka daina zuwa gaba ɗaya masu kula da wuraren nan za su watse. A je, amma a je da labarin hanya a hannu.

Waɗanda Agustan 2023 ya rutsa da su ko da ɗiyansu a ƙetare, ku faɗa muna yadda kunka dawo, za mu karanto a shirin gobe da dare in Allah ya kai mu. Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu a waɗannan hanyoyi, ya ba ƙasarmu zaman lahiya.