Bushiya ta tafi, amma me ya rage a turke?

In ka bi hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Dambatta, ko wadda ta nufi Bichi, a tsakiyar damina, za ka lura da abu ɗaya: babu saura. Gona manne da gona, gero da dawa da gyaɗa da wake har gindin katangar gida. To ina dabbobin? Suna cikin gida, a turke, ana yanko musu ciyawa. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki a shekarun 1960, ya nuna cewa ƙasar da ke kewaye da Kano ana noma ta kowace shekara ba hutu, kuma takin dabbobi ne ya riƙe ta. Akuya ta ci harawa, ta ba da taki, jaki ya kwashe a mangala zuwa gona, gona ta sake ba da harawa. Tsari ne mai kyau, sai dai ya sa mutum da dabba suna kwana a gida ɗaya, suna shaƙar iska ɗaya.

Shi ya sa tarihin cututtukan dabbobi a nan yake da ban mamaki. Cutar da ta fi kowace ɓarna ba ta kama mutum ko kaɗan, kuma an ga bayanta. Waɗanda suke tsallakowa jikin mutum kuwa suna nan daram.

Mu fara da bushiya. Wajen 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar jiragen ruwa ta Massawa, a Eritiriya ta yau, kuma daga nan ne annobar ta bazu. Ƙwayar cutar 'yar uwar ƙyanda ce. Saniya takan yi zazzaɓi, idanu da hanci su riƙa zuba, baki ya yi gyambo, sai zawo mai tsanani, cikin kwana goma ko ƙasa da haka ta faɗi. Inda cutar ba ta taɓa shiga ba, takan kashe tara cikin goma. A Habasha, da shanun noma suka ƙare, yunwar da ta biyo baya daga 1888 zuwa 1892 ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'ar ƙasar.

Daga can ta yo yamma, ta iso ƙasar Hausa wajen 1890 zuwa 1891, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello. Wani hafsan sojan Faransa mai suna Monteil, wanda ya ratso ta Sakkwato ya iso Kano a ƙarshen 1891, ya rubuta yadda ya tarar garken makiyaya sun ƙare a kan hanyarsa. Sunan da aka raɗa wa annobar kaɗai ya isa ya gaya maka yadda abin ya kasance: Sannu. Wato ba abin da ya rage a faɗa wa mai shanu sai jaje. Ka tuna kuma manomi a ƙasar Kano yana jiran Bafulatani ya sauka a gonarsa da rani don taki. Garke ya mutu, gona ta rame, nono da man shanu sun ɓace daga kasuwa. Ta sake dawowa a 1913 zuwa 1914, aka kira ta Gamagari, ta kuma haɗu da yunwar Kakalaba. Bushiya ba ta buƙatar shiga jinin mutum, ta tukunyarsa take bi.

Turawan mulkin mallaka sun damu da ita, kuma ba don tausayi kaɗai ba. Jangali babban kuɗin shiga ne, ga fatu da ƙiraga da jirgin ƙasa ya fara kwasa zuwa Legas bayan layin dogo ya iso Kano a 1911. A 1924 aka kafa ɗakin binciken dabbobi na Vom, kusa da Jos, babban aikinsa na farko kuwa shi ne haɗa maganin rigakafin bushiya. Amma saniya ba ta san iyaka ba. Ka yi wa na Dambatta allura, gobe wasu su gangaro daga Damagaram.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a Kano aka zauna a 1961 aka tsara gangamin haɗin gwiwa na ƙasashen Afirka da aka sani da JP15. An fara shi a 1962 a ƙasashen Tafkin Cadi huɗu: Nijeriya, Nijar, Cadi da Kamaru. Ana yi wa saniya allura, a huda mata kunne don a gane ta. A wannan zamanin ne kuma allurar da Walter Plowright ya haɗa a Kenya ta shigo, wadda sau ɗaya tak take ba saniya kariya har ƙarshen rayuwarta. Cutar ta lafa, har aka ɗauka an gama. Gwamnatoci suka saki jiki, 'yan maruƙan da aka haifa daga baya ba a bi su da allura yadda ya kamata ba. A 1983 ta dawo Nijeriya da ƙarfinta, dattawan makiyaya har yau suna tuna shekarar. Sai da aka sake sabon gangami. Ganin ƙarshe da aka yi mata a duniya a Kenya ne a 2001, a jikin ɓauna, sannan a 2011 aka shelanta cewa ta ƙare. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya shafe daga doron ƙasa.

Me ya sa aka ci nasara a kanta? Akwai allura mai kyau, gaskiya ne. Amma a ganina babban dalili shi ne bushiya cuta ce mai hayaniya. Garke ya zube cikin mako guda, mai shanu ya yi kuka, hakimi ya ji, gwamna ya ji. Waɗanda suka rage ba su da wannan hali.

Ɗauki tarin fuka na shanu. Saniya na iya ɗauke da shi shekaru, tana ramewa a hankali, ana tatsar ta. Mutum na kamuwa ta shan madarar da ba a tafasa ba, ko ta numfashi in yana kwana kusa da ita, ko wajen fiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum wajen 140,000 ne suka kamu da irin wannan tarin fuka. Gwajin majina da aka saba yi a asibiti ba ya bambanta shi da tarin fuka na mutane, ga shi kuma ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake fara bai wa mai tarin fuka ba ya cin sa. A Ingila ya daɗe yana kashe yara, har sai da dafa madara kafin sayarwa da gwajin shanu suka zama ka'ida.

Sai bakkale, mai sa saniya ɓari da kumburin gwiwa. Ƙwayarta David Bruce ya gano a tsibirin Malta a 1887, shekarar da bushiya ta sauka Massawa, kuma a 1905 aka gane cewa nonon awaki ne ke kai ta jikin sojojin da ke can. A jikin mutum zazzaɓi ce mai zuwa ta tafi, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi. Yanzu ka yi tunanin matar da ta sa hannu ta cire wa akuyarta mahaifa bayan ɓari. Bayan makonni ta fara zazzaɓi, ta je kemis. Me za a ba ta? Maganin zazzaɓin cizon sauro. In bai yi ba, a ce taifot ne. Da wuya wani ya tambaye ta labarin akuya. Tsami yana rage ƙwayoyin cuta a nono, amma tafasawa ce kaɗai abin dogaro.

Ciwon saifa shi ne ya fi saurin kisa. Dabba na tsaye lafiya, kafin ka ankara ta faɗi, jini baƙi na fita ta hanci da dubura. A nan al'adarmu ta gaggawar sa wuƙa kada dabba ta zama mushe take zama haɗari, domin da an buɗe cikin, ƙwayar ta haɗu da iska, sai ta yi wa kanta sulke ta zauna a ƙasa shekaru gommai. Mahauci da mai jima da wanda ya sayi naman araha duk suna cikin layi. A Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja, kuma tun kafin nan gwamnatin tarayya ta gargaɗi jama'a kan cin ganda.

Murar tsuntsaye ce kaɗai a wannan zamani ta yi irin hayaniyar bushiya. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a wata gona a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, ta kuma shiga gidajen gonar Kano. An kashe kaji, an biya diyya, rediyo ya ɗauka. A farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas, sannan ta sake ɓulla a Kano a 2015.

Shi kuwa turke yana ƙara cika. Yawan jama'a ya ƙaru, burtali ya zama gona, kiwon sa da rago don Babbar Salla ya zama sana'ar gida, garmar shanu ta yaɗu. Dabbar da aka sayo a karar Dambatta, wadda ƙila satin jiya tana Nijar, yau da daddare tana ɗaure taku biyar daga ɗakin da yara suke barci, ba tare da wani malamin dabbobi ya duba ta ba.